Kulob ɗin Anti Gam

Matar da yaran bene suke kira Anti Gam ba ta taɓa cewa ta iya aikin hannu ba, kuma babu wanda ya taɓa yi mata wannan ƙazafin. Ita sana'arta guga. Tun tana budurwa take tsaye a bayan dogon tebur a wani shagon wanki da guga da ke bakin titi, tsakanin kantin magani da mai sayar da tayoyi, kuma a nan kam babu mai ja da ita. In ta goge kwalar riga, sai mai rigar ya ji kunyar wuyansa. Amma ka karɓe dutsen guga daga hannunta ka ba ta allura ko almakashi, to sai dai addu'a. Ko maɓalli ta ɗinka, rigar takan koma tana kallon gefe guda.

Mijinta gyaran firji yake yi. Mutum ne marar yawan magana, ya fi sabawa da kara kunne a jikin ƙarfe ya saurara. 'Yarsu ɗaya ce, ta ɗauko halinsa har ta wuce shi. Shi ya sa mata Alƙaliya, don tun tana ƙarama in baƙo ya yi mata wasa sai ta zuba masa ido, ba dariya ba kuka, har mutum ya fara tuno laifuffukansa.

Shekarar da Alƙaliya ta shiga aji uku suka bar tsohuwar unguwarsu, suka kama ɗaki da falo a hawa na biyu na wani benen haya. Benen cike yake da yara. Daga safe zuwa yamma matakala ba ta hutawa, wannan ya hau, wancan ya sauko, wani ya faɗi ya tashi. Alƙaliya takan ratsa ta tsakiyarsu da jakarta kamar mai wuce kasuwar da ba ta da abin saye a ciki. Uwar ta yi ta sa ido ko za a saba, ba a saba ba. Rannan malamar aji ta tare ta a bakin makaranta.

Ta ce, "Maman Alƙaliya, karatu dai babu laifi. Amma in an fita hutu, ita da bango ne. Ko bangon ma ba ta yi masa magana."

Maganar nan ta bi ta har shago. Ranar har ta kusa ƙona hannun wata riga, abin da bai taɓa faruwa ba.

A ƙarƙashin kantar shagon akwai wani kwali da ake zuba safa marasa 'yan'uwa, waɗanda injin wanki ya raba da ɗaya ƙafar kuma masu su ba su dawo nema ba. Kusa da shi akwai gwangwanin madara cike da maɓallan da ake tsinta a cikin injin. Manaja ya daɗe yana cewa a zubar. Yarinyar da ke karɓar kaya a kanta ce ta ce ai ta ga wasu yara suna yin 'yan tsana da irin wannan safa, a cusa tsumma, a sa maɓalli a matsayin ido, shi ke nan. Maman Alƙaliya ta ji an ce shi ke nan, ta yarda. Da aka tashi aiki ta ɗauki kwalin da gwangwanin, ta biya ta sayi gam babbar roba.

Tana ajiye kayan ta ce, "Baban Alƙaliya, kulob zan buɗe."

"Na ƙwallo?"

"Na aikin hannu. Yaran benen nan su riƙa zuwa ran Asabar da yamma muna yin 'yan tsana. In suka shigo har falonta, ai dole su yi mata magana."

Ya sunkuya ya dubi maɓallin rigarsa, wanda ita ta ɗinka, ya ɗago. "Wa zai koya musu?"

"Ni mana."

Ya karkata kai irin yadda yake sauraron firji. Sannan ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ta bi ƙofa ƙofa ta gaya wa iyaye. Babu uwar da ta tambayi me za a koya. Da suka ji za a kwashe musu yara yamma guda, sai godiya. Ran Asabar falo ya cika. Akwai tagwayen direban tasi na hawan ƙasa, maza, waɗanda suka zo da faɗansu tun daga gida. Akwai 'yar tela, doguwa mai kaifin murya, wadda tana shigowa ta fara nuna wa kowa inda zai zauna, kafin a tashi kuwa an sa mata Ciyaman. Akwai kuma wata siririya mai gilashi, 'yar nas ɗin hawa na uku, wadda uwarta ta turo ta ciki ta ja ƙofa. Sauran ƙanana ne da suka biyo ƙamshin biskit.

Mai masaukin ta fito da samfurin da ta shafe kwanaki tana yi, ta ɗaga shi sama. Ta ce, "Wa zai gaya mini ko mene ne wannan?"

Ɗaya daga cikin tagwayen ya ce jaki ne. Ɗan'uwansa ya ce ƙarya ne, kifi ne. Wata 'yar ƙarama ta matso ta leƙa shi da tausayi ta ce, "Anti, mota ce ta taka shi?"

"Zomo ne."

Yara suka dubi juna. Ana cikin haka kunnen zomon ɗaya ya saki ya faɗo a kan tebur. Ta ɗauke shi ba tare da ta canja fuska ba, ta ce, "Ba komai, a sa gam." Ido ya faɗi, ta ce a sa gam. Ɗan tagwaye ya yanke safarsa biyu bisa kuskure, ta ce a sa gam. Kafin a watse sunan ya kama ta, ya kama kuwa fiye da yadda gam ɗin ya kama zomon.

Ciyaman ce ta ceci ranar. Ta miƙa hannu ta ce, "Kawo, Anti," ta zare allura daga gefen rigarta, ta ɗinke kunnen, ta gyara zaman idon, ga zomo ya fito. Sauran suka yi caa a kanta. Daga ranar tsarin kulob ya zauna da kansa: Anti Gam ta kawo samfuri, yara su duba inda ta ɓata, su yi nasu ban da ɓarnar.

Alƙaliya kuwa tana ƙarƙashin tebur tun farko har ƙarshe, tana duban ƙafafun jama'a.

Asabar ta biyu ma haka. A ta ukun, ana shirin buɗe ƙofa, ta zo ta tsaya gaban uwarta da littafi a hammata.

"Mama, na fita daga kulob."

"Kulob ɗin da aka buɗe dominki?"

"Na sani. Na gode. Surutu ya yi musu yawa."

Ta buɗe ƙofa, yara suka kwararo ciki, ita ta ratsa su ta fita. Anti Gam ta shiga kicin ta wanke kofin da yake a wanke, ta goge shi, ta sake wanke shi. Daga falo tana jin tagwaye suna rigima a kan almakashi. Ga falonta cike da 'ya'yan mutane, gam a kan labule, tsumma a ko'ina, wadda aka yi dominta kuwa ta yi gaba. Da za a tashi ta tara su ta ce musu ta gode, amma kulob ya ƙare daga yau. Suka ce to, suka kwashi biskit suka tafi.

Asabar ta zagayo, ta miƙe ƙafa a kujera ke nan sai ta ji ƙwanƙwasa. Ta buɗe, ga su nan a jere, Ciyaman a gaba.

"Ban ce muku an rufe ba?"

Ciyaman ta ce, "Kin faɗa, Anti. Mun zauna mun yi shawara, ba a rufe ba." Ta juya ta ce wa na baya, "A cire takalmi."

Haka aka ci gaba. Bayan 'yan makonni Anti Gam ta lura mai gilashin nan takan ce za ta zaga, daga nan ba a ƙara ganinta sai an kusa tashi. 'Yar mutane ce, amana ce, don haka ta bar wa Ciyaman falo ta fita nema. Ta duba ƙasa, babu. Ta hau sama har ƙarshen matakala, inda ƙofar rufin bene take a kulle, wurin da ko mai shara ba ya kaiwa. Can ta same su. Alƙaliya da mai gilashi suna zaune a matakala ɗaya, kafaɗa na taɓa kafaɗa, kowacce da littafinta. A tsakaninsu ga biskit ɗin kulob a kan takarda. Babu mai magana. In ɗaya ta juya shafi, sai ɗayar ta ɗan jira ta juya nata. Anti Gam ta sauko a hankali, tana dafa bango.

Da suka zauna cin abinci ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "Yarinyar nas ɗin nan ƙawarki ce?"

Alƙaliya ta ce, "Ita ma ba ta son kulob ɗin."

"Hirar me kuke yi?"

"Ba ma hira."

Da yarinyar ta tashi, uwar ta dubi mijinta, idonta ya ɗan kawo ruwa. Ta ce, "To ka gani, ta samu. Yanzu kam sai in rufe in huta."

Ya gama tauna abin da ke bakinsa tukuna. Ya ce, "In kika rufe, daga ina za su riƙa gudu?"

Washegari ta sayo wata robar gam.

Kwalin safa ya kusa ƙarewa ke nan sai ga wani mutum a shago, mai tumbi da jakar ofis, ya ajiye safa ƙafa ɗaya a kan kanta, ruwan toka mai zanen ja. Ya ce tun bara ya kawo wanki aka mayar masa da wannan ita kaɗai, yau ya ci karo da ita a durowa, ya zo karɓar 'yar'uwarta. Manaja ya leƙa ƙarƙashin kanta bai ga kwali ba, ya kira mai guga. Tana ganin zanen jan nan ta gane shi. 'Yar'uwar safar tana hannun ɗaya daga cikin tagwaye, ta zama kada.

Ta ce, "Yallaɓai, tana nan. Ka dawo gobe."

Da yamma ta sauka hawan ƙasa ta yi ta rarrashi. Yaron ya ce kadansa ne, da shi yake barci. Sai da ta yi alkawarin nan gaba shi zai riƙa riƙe robar gam sannan ya saki. Ta so ta cire kayan da aka liƙa, amma wannan karon, don tsautsayi, gam ya kama da gaske. Ta goge abin da zai gogu, ta sa a leda.

Mutumin ya dawo, ya zaro abin daga leda, ya riƙe shi da yatsu biyu. Idanu biyu na maɓalli, ɗaya babba ɗaya ƙarami, haƙora na farin kwali, da jan harshe yana reto.

"Safata ce wannan?"

"Ita ce, yallaɓai. An ɗan yi mata aiki."

Manaja ya fara ba da haƙuri, yana harararta. Mutumin bai kula shi ba. Ya juya kadan, ya duba cikinsa, ya zura hannu, ya buɗe bakin ya rufe, ya sake buɗewa. Ya tambayi wanda ya yi. Ta gaya masa gaskiya. Ya sa kadan a jakar ofis, ya bar ɗaya ƙafar a kan kanta ya ce a haɗa da ita, tun da yanzu ba ta da amfani. Ran Asabar sai ga shi a ƙofar falo da wani ɗan lukuti riƙe da hannunsa. Ya ce a yi haƙuri a ƙara da wannan, ya gama da kujerun gida.

Da safa ta ƙare aka koma kwalabe, murafe, tsofaffin hanga, da kwalin da ake sa wa riga a kwala. Mijin, wanda bai taɓa sa hannu a harkar kulob ba, rannan ya hauro da ƙaton kwalin sabon firji a ka, ya jingine shi a falo, ya wuce ya wanke hannu. Ciyaman ta zagaya kwalin ta yanke hukunci cewa bas za a yi. Mijin ya ƙaro wani kwalin, ya sake ƙarowa. Aka yi ta liƙi, aka huda tagogi, aka yi sitiyari da murfin bokiti, aka shafa shuɗin fenti. Ranar da aka gama aka ce a fitar da ita tsakar gida kowa ya gani. Aka tura ta bakin ƙofa. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Aka juya ta tsaye, aka kwantar, aka karkata, ko kanta bai fita ba.

Anti Gam ta ce, "Sai dai a raba ta biyu, in an fita a sa gam."

Ciyaman ta ce ba a yanka bas. Ƙananan suka fara kuka. Bas ta zauna a falo.

Ta daɗe kuwa. An tura kujeru ɗakin barci don a sama mata wuri. Mai gyaran firji yakan dawo daga aiki ya shiga ya zauna wurin direba, ya kalli labarai ta gilashin gaba. Da matar ta yi magana ya ce nan ya fi samun iskar fanka.

Ana haka mai benen ya zo, dattijo mai sanda da saurin fushi, ya biyo sawun shuɗin fenti tun daga matakalar ƙasa har ƙofarsu. Ranar Asabar ce. Ya shigo da faɗansa a baki, ya nemi wurin zama saboda gwiwa, babu kujera sai ta cikin bas. Ya sunkuya ya shiga ya zauna a baya, ya ɗaga sanda zai fara, sai ɗan lukutin nan ya miƙa masa guntun takarda ya ce, "Baba, tikitinka. Ina za ka sauka?"

Dattijo ya dubi tikitin, ya dubi yaran da suka cika bas suna jiran amsa. Faɗan da ya hauro da shi hawa biyu ya ɓace masa. Ya ce a sauke shi a asibitin ƙashi. Aka tuƙa shi, da ham da birki da komai. Da ya fito, da ƙyar, ya ce wa Anti Gam wannan aiki ba na falo ba ne, akwai sito a ƙarƙashin matakalar ƙasa da babu komai a ciki sai karyayyen keke, su koma can, kuma a goge masa fentinsa. Bas kuwa ta baranda, mai faffaɗar ƙofa, aka sauke ta da igiyar shanya, duk benen ana kallo. Ta kwana biyu a tsakar gida, ruwan sama ya zo ya gama da ita.

A wannan sito kulob ya yi shekarunsa. Yara suka yi ta girma suna fita, ƙannensu suna shiga. Anti Gam ba ta ƙara ƙwarewa ba ko kaɗan, kuma ba ta fasa kawo samfuri ba. Sau ɗaya wata ƙanwar mijinta ta ce mata, "Yaya, ke da ba ki iya ba, me ya dame ki da wannan wahala?" Ta ce ita ma ta sha tambayar kanta, amma duk lokacin da za ta zauna ta yi tunanin sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Tagwaye yanzu ɗaya walda yake yi, ɗayan ya gaji tasin ubansu. Ciyaman ba ta gaji ɗinki ba, tana mahaɗar titi da farar safar hannu tana ba motoci hannu, kuma an ce ko manyan motoci ba sa yi mata musu. Alƙaliya tana aiki a ɗakin hoton ƙashi na wani asibiti, inda duk maganar da ake buƙata daga gare ta ita ce, "Kada ka motsa." Ta ce aikin ya yi mata.

Kafaɗa ce ta sa Anti Gam ta ajiye guga. Ba a daɗe ba idon mijin ya fara rauni, ƙananan wayoyin firji suka daina ganuwa, ya bar wa wani shagonsa. Ya zauna a gida, ya gyara duk abin da ya lalace, ya koma kwance waɗanda ba su lalace ba. Ranar da ta tarar ya warware agogon bango ta ce masa ya tashi su sauka kulob.

Ya zauna a kan benci tsakanin yara biyu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ranar fanka ake yi da robar ruwa, irin wadda iska ke juyawa. Kowa ya yanka, ya soka a tsinke, ya fita da gudu tsakar gida. Shi yana nan yana awo. Ya auna, ya yi alama, ya goge alamar, ya sake aunawa. Aka tashi bai yanka ba. Mako na biye ya yanka fiffike ɗaya, ya ce bai daidaita ba, ya nemi wata robar. Duk wannan kuwa almakashi mai kaifin, wanda shi kaɗai ne mai kaifi a kulob, yana hannunsa.

A mako na gaba wata 'yar ƙarama mai giɓi, wadda ita ke riƙe da shugabanci a lokacin, ta zo ta tsaya a gabansa ta rungume hannu.

"Kaka, ka yi haƙuri. Kana ɓata mana lokaci. Ka ba da almakashi, ka koma bakin ƙofa ka riƙa jera takalma."

Ya dubi matarsa. Ta ɗauke kai ta shiga neman wani abu a cikin gwangwani. Ya miƙa almakashin, ya ɗauki robarsa ya koma bakin ƙofa. Ya jera takalman daga ƙarami zuwa babba, duk suna fuskantar waje, har da wani da ya ga maɗaurinsa ya tsinke ya sa a aljihu zai gyara.

Da aka watse suka kulle sito suka kama matakala, ita tana dafe da kafaɗa, shi yana laluben bango, robar tana hammatarsa. A tsakiyar hawa suka tsaya su huta.

Ta ce, "An kore ka ke nan."

Ya ce, "Ba kora ba ce, canjin wurin aiki ne." Ya numfasa, ya gyara riƙon robar. "Asabar mai zuwa da almakashina zan zo."